Baƙuwar da Gwadabe Ya Kawo

Shekara goma sha tara Gwadabe yana tuƙa tsohon nan, amma har yau mutanen unguwar Ammariyya ta Jidda ba su yarda ya taɓa mulkin ƙasa ba. Wa zai yarda? Tsoho mai dogara sanda, a bene na biyu na gidan da gishirin teku ya cinye wa fenti, Larabcinsa ma sai ka riƙe ciki. Shugaba Bilal suke ce masa don tsokana. Gwadabe kaɗai ya san ba tsokana ba ce.

Can wani ɗan tsibiri na Karibiyan, Bilal Mondesir ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, yana lodin ayaba. Shi ya haɗa kan 'yan dako suka kafa ƙungiya. Yana da wata ƙatuwar katantanwar teku da ake busawa kamar ƙaho. In ya busa ta, ko buhu ɗaya ba mai ɗagawa sai an biya musu buƙata. Busar nan ce ta kai shi kujerar firaminista. Shekara shida da hawansa, 'yan dakon suka yi masa abin da ya koya musu, suka ajiye aiki. Shi kuwa ya tura musu 'yan sanda da bindigogi. Mutum bakwai suka faɗi a bakin ruwa. Ba a shekara ba aka kore shi, ya yi ta gararamba ƙasa ƙasa, ya musulunta a hanya, ya ƙare a Jidda.

Tun da likita ya ce ƙodarsa ta gaza, ba shi da zance sai na mutum bakwai ɗin.

"Gwadabe, na tuba ga Allah. Su fa?"

"Haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, Shugaba. In ya mutu, sai magadansa."

Wasiƙa bakwai tsohon ya rubuta wa iyalan mamatan. Biyar suka dawo ba a buɗe ba, biyu ko labarinsu. Sai ya shiga ramewa, kullum yana bakin taga yana kallon ƙugiyoyin ɗaga kaya na tashar jiragen ruwan Jidda daga nesa. Tausayinsa ya ishi Gwadabe.

To, shi Gwadabe jikan mahajjata ne, kakansa da ƙafa ya zo daga Haɗeja. A gidansu abu ɗaya aka sani: in ka tsinci baƙon Allah ɗan garin wani naka, ka kai shi gida, kuma ba a yi masa tambaya sai ya ci ya sha. Ranar wata Laraba bayan la'asar, a kasuwar Balad, ya ji wata mata mai farin mayafi tana tambayar hanya da irin Turancin Shugaba sak, mai hawa da sauka kamar waƙa. Umara ta zo. Ya ambaci sunan tsibirin, ta juyo. Ya ambaci sunan tsohon, ta tsaya cak tana dubansa. Wai shi a ransa murna ce ta hana ta magana! Kaico, Gwadabe.

"Yalla, Hajiya, mu je. Zai ji daɗi wallahi."

A falon tsohon ya kawo mata shayi da dabino, ta bar su inda ya ajiye. Ba ta zauna ba, ba ta kuma dubi tsohon ba. Katantanwar nan da ke ajiye a kan kabad take kallo. Gwadabe ya tsinci isasshen Turanci a shekarun nan, don haka babu abin da ya wuce shi.

"Ubana ne ya nutsa ya ciro maka wannan," in ji ta. "Lennox Charlery. Ni ce Mastura, 'yarsa. Shekarata tara ranar da aka harbe shi, ni na kai masa abincin rana."

Sunan na uku ne a cikin bakwai ɗin. Gwadabe ya san shi, shi ya kai wasiƙar gidan waya.

Tsohon ya saki sandarsa, ya zame daga kujera har gwiwoyinsa suka bugi ƙasa. Mutumin da dubbai suka yi wa kirari! Ya ce, "'Yata, kwanana sun ƙare. Ki yafe mini, don Allahn da ya kawo ki."

"Na karanta wasiƙarka," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Na karanta wa sauran gidaje shida. Ni kaɗai ce Musulma a cikinsu, shi ya sa suka raka ni har filin jirgi. Sun ce tunda can ka je ka ɓuya, in kai sunanka can. Gobe zan tsaya gaban Ka'aba in faɗe shi, in faɗi nasu bakwai, in kai ƙara wurin Allah."

Gwadabe ya sunkuyar da kai. Shi ya ɗauko ta, da motarsa, yana washe baki.

Ta juyo gare shi. "Kai direba ne, ko? Motar ayarinmu ta tafi ta bar ni. Za ka kai ni Makka da safe?"

Kakansa bai taɓa hana baƙon Allah rakiya ba, ubansa ma haka. Gwadabe ya dubi maigidansa, yana roƙo a zuci ya ce a'a, ya sauke masa wannan kaya.

Tsohon bai ɗago kai ba.

"Ka kai ta," ya ce. "Akwai cunkoso yanzu. Ka buɗa mata hanya har ta isa kusa da ɗakin Allah."