Mota Marar Kunya

Shekara goma sha tara ke nan Manu bai kira sunan 'yarsa ta fari ba. Sunanta Sa'adatu, kowa a rugarsu da ke bayan Gwashi ya sani, amma a bakin Manu ita "waccan" ce, in ya so karamci ya ce "yarinyar gidan nan". Ba ƙiyayya ba ce, haka ya tarar ana yi. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ko ya faɗi a gabanka sai ka kau da kai wani ya ɗaga shi. Shi kansa Manu har ubansa ya koma ga Allah bai taɓa jin sunansa a bakinsa ba, kuma bai taɓa shakkar tsohon yana sonsa ba.

A daminar dubu biyu da goma sha biyar Sa'adatu ta zo gida goyon ciki. Naƙuda ta kama ta, aka kwana aka wuni, aka sake kwana, shiru. Goggonta Aisatu ta ruga cikin gari ta ɗauko Hure ungozoma, matar Alhaji Ɗanmusa mai sayen wake. Hure ta duba sau ɗaya ta ce wannan ta fi ƙarfin gida. Da la'asar aka sa yarinyar a motar Ɗanmusa sai asibitin Gummi, da Hure da Aisatu da Faruku mijin yarinyar. Ɗanmusa ya dawo shi kaɗai da magana guda: likita ya ce mai yiwuwa sai an yi aiki. A ruga kuwa waya ba ta kamawa, ko a Gwashi sai wanda ya hau tudu.

Manu bai tambayi kowa komai ba. Ya dai tatsi saniya ɗaya sau biyu washegari da safe, sai da ta kai masa harbi ya gane. Daga nan ya naɗa rawani, ya ɗauki sandarsa ya je ya tsaya inda hanyar ruga ta haɗu da ta mota, domin ya san Ɗanmusa zai koma Gummi kai abinci.

Motar ta tsaya, gilashi ya sauka da kansa.

"Bahillace, ina zuwa da sassahe haka?" in ji Ɗanmusa.

"Gummi za ni," in ji Manu yana duban gabas. "Kanwa za ni sawo ma shanu."

Ko mako guda ba a yi ba da Ɗanmusa da kansa ya sauke masa buhun kanwa biyu a ƙofar bukka, kuma ranar ba ranar kasuwar Gummi ba ce. Amma shekara talatin suna tare, tun Ɗanmusa yana yawo da jaki yana sayen wake tiya tiya, ya san inda ake taka Bafillace da inda ake tsallakewa.

"Ai kau kanwag Gummi ta hi kyau," ya ce. "Shigo mu tahi."

Manu ya shiga gaba, ya sa sandar tsakanin ƙafafunsa. A kujerar baya ya ga ƙwaryar matarsa Marka, uwar Sa'adatu, ɗaure cikin tsumma, wadda ya san ta kamar tafin hannunsa. Ya yi kamar bai gani ba.

Ita dai motar nan wata huɗu ke nan da Ɗanmusa ya sawo ta a Sakkwato, ta hannu ce amma mai kyau. Abin da ya sa ta yi suna a Gwashi shi ne allon da ke tsakiyar gabanta, wani gilashi mai haske da bai kai faifai ba. Babu abin murɗawa na rediyo, babu ramin kaset. Komai sai an dangwala yatsa. Yara suna ce masa talabijin, Manu kuwa tun ranar farko ya ce shi bai yarda da abin da ake taɓawa ba a ji ya motsa ba.

Ɗanmusa ya ja baya zai gyara tsayuwa saboda wani kwatami. Nan take allon ya sauya, sai ga bayan motar ya fito a cikinsa tar: ciyawa, turbar shanu, da tsamiyar bakin ruga. A gindin tsamiyar ga Marka tsaye da taɓarya a hannu, wadda Manu ya bari tana daka kamar babu abin da ya dame ta a duniya. Ashe biyo shi ta yi daga nesa. Ya zuba wa allon ido har hoton ya ɓace, ya ji tausayinta ya kama shi, don ita ma kunyar ta ɗaure mata baki kamar yadda ta ɗaure nasa.

"Kai, abin ga ba ya da kunya," ya ce. "Mutum na bayanka, shina tona mai asiri."

"Ba ka ga komi ba!" Ɗanmusa ya samu abin magana, ya kama shi hannu bibbiyu. "Tun ran da mai saida motag ga ya haɗa ta da wayata ban sake yin magana ta asiri ba. Kowa ya kira, cikin ƙohohin mota muryatai ka hitowa. Ran nan na ɗauko liman za mu Bukkuyum ta'aziyya, sai ga Hure tana man hwaɗa na mance daddawa. Liman na zaune, shina jan tasbaha shina saurare. Na je Anka wurin masu gyara, sunka ce in kawo takardad da ta zo da ita. Wa ya san inda take?"

Manu ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Hanya ta yi laka, motar tana tafiya tana rangaji. Gero ya yi kai a dama da hagu, wata rana da Manu ya yi ta yaba gonaki yana kushe masu su, yau kuwa bai ga komai ba. Abin da yake gani shi ne ƙafar yarinyar jiya lokacin da ake sa ta a mota, takalmi ɗaya ya faɗi ba wanda ya kula. Takalmin yana cikin aljihun rigarsa yanzu haka.

Suna hawa tudun da waya ke kamawa motar ta ɗauki ƙara. Manu ya gyara zama. Rubutu ya fito a allon, ƙarƙashinsa tabo biyu, kore da ja. Ɗanmusa ya dangwala koren.

"Alhaji, wake ya sauka Gummi, nawa za mu..."

"Sanda, don Allah bari sai na iso!" in ji Ɗanmusa, ya katse abokin cinikin nasa.

Ya dangwala jan, murya ta ɗauke. Manu bai iya karatun boko ba, amma mutumin da ke gane saniyarsa cikin ɗari tun daga nesa ba a nuna masa abu sau biyu. Kore a ji, ja a kashe. Ya ajiye wannan a ransa, ya koma kallon taga.

Ba su yi nisa ba ƙarar ta sake tashi. Wannan karon Ɗanmusa ya dubi rubutun bai taɓa allon ba. Ya rage gudu, ya gangara gefen hanya ya tsaya. Labarin zuciya a tambayi fuska: Manu bai buƙaci a karanta masa ba, ya san Hure ce.

"Bari in sauka in kama ruwa," in ji Ɗanmusa, yana laluben wayar cikin babbar riga, igiyar kujera ta harɗe shi.

Manu ya gane nufinsa sarai. So yake ya yi nisa da motar har wayar ta rabu da ita, ya ji labarin shi kaɗai. In alheri ne ya dawo ya sako shi cikin zancen wake kamar da wasa. In kuma ɗayan ne, ya nemo yadda ake faɗa wa uba abin da bai tambaya ba. Mutunci ne, kuma daidai da al'ada. Sai dai wayar tudun nan ba ta da alkawari, yanzu tana nan yanzu ta tafi, in ta katse sai an kai titi. Ƙarar tana ta yi, Ɗanmusa yana ta kokawa da aljihu, Manu yana jin kamar ana tatsar ransa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya miƙa hannu ya dangwala koren.

Allon bai san an yi ba. Yatsan da ya shekara hamsin yana riƙon sanda da igiya ya yi kanta, gilashin bai ji shi ba. Ɗanmusa ya daina lalube, ya tsaya yana kallonsa baki buɗe. Manu bai dube shi ba. Ya kai yatsan bakinsa ya jiƙa, ya sake ɗorawa, ya danne da ƙarfi kamar mai sa hannu a takardar zaɓe.

"Alhaji! Alhaji, kana jiya ta?" Muryar Hure ta cika motar, ta fito ta ƙofa huɗu.

"Ina ji," in ji Ɗanmusa da muryar da ba tasa ba.

"To alhamdu lillahi! An yi aiki, an hiddo ɗiya macce, ƙatuwa, tana nan tana tsala kuka. Sa'adatu ta hwalka, lahiya lau take, har ta sha ruwan zahi. Likita ya ce da mun ƙara kwana gida da wani zance a kai, amma yanzu ba komi."

Manu ya ji wani abu da ya tokare masa ƙirji kwana uku ya sauka a hankali har cikin ƙafafunsa. Sandar ta zame ta bugi ƙofa, bai ɗauka ba. Daɗi ya ji, irin wanda bai taɓa ji ba, har ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Hure kuwa ba ta san da kowa a motar ba, ta ci gaba abinta.

"Kuma ka san mi ta hwara tambaya da ta buɗe ido? Ba ɗiyab ba, ba Faruku ba. Cewa ta yi, Baffa ya sani? Don Allah in ka koma ka biya ruga ka shaida ma tsohon nan mai taurin kai. Shi a tunaninai ba mu gane shi ba jiya, shina bin mota ta cikin gero har bakin rahi, wai shi mai neman maraƙi. Ita ma ta gane shi ta madubi, tana cikin ciwo tana..."

Ɗanmusa ya ɓarke da tari irin na wanda ya shaƙi barkono. "To, to, madalla, na jiya! Muna hanya!" Ya dangwala jan har sau uku.

Muryar Hure ta ɗauke. Can nesa wani manomi yana kora tsuntsaye daga gonarsa. Manu ya juya wa abokinsa ƙeya, ya ja bakin rawani ya rufe hanci, yana kallon geron kamar an ba shi aikin ƙirga shi. Ɗanmusa ya riƙe sitiyari ya dubi gaba. Duk Gwashi an san shi da tsokana, kuma ga nama ya faɗo masa har gida, amma bai taɓa ba.

"Geron bana ya yi kyau," in ji Manu daga baya.

"Ƙwarai kau. Allah ya ba da damana."

"Hakanan ne."

Ɗanmusa ya kai hannu zai sa giya. Manu ya yi gyaran murya.

"Kaɗo," ya ce, sunan da Fulani ke kiran Bahaushe da shi.

"Na'am."

"Abin ga naka." Ya nuna allon da haɓa, har yanzu bai juyo ba. "In an yi magana cikinai ta wuce, shina iya maido ta? Ba don komi ba, ƙarar injin ta hana ni jin abin da matakka ta ce game da... game da wake."

Injin motar nan ko kyanwa ta fi shi ƙara, kuma ba wanda ya ambaci wake. Ɗanmusa ya ce ai kuwa shi ma bai ji da kyau ba. Ya dangwala nan, ya dangwala can, ya ɓata ya shiga rediyo, ya dawo, har ya samo sunan Hure ya kira ta.

"Ke, waya ta katse ɗazu, ban ji komi ba. Sake hwaɗa man tun daga hwarko. Wa kika ce ta hwalka?"

"Ikon Allah! Alhaji, kunnenka lahiya? Na ce Sa'adatu! Sa'adatu ta tashi, lahiya lau take, ita da ɗiyatta!"

A bayan rawani leɓen Manu ya motsa tare da sunan, ba sauti. Ya sa hannu a aljihu ya taɓa takalmin. Da muryar ta ɗauke, Ɗanmusa ya hau hanya, sai ya ga abokinsa ya sunkuyo ya kama bakin rawaninsa yana goge ƙurar da ke kan allon a hankali, kusurwa kusurwa, kamar yadda yake share idon maraƙin da aka haifa yau.