Ranar da Muka Daina Ce wa Baba Ba Komai

Babanmu bakanike ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin bakinsa ya huta ba. Yana ƙarƙashin mota ma surutu yake, ƙafafu kawai ake gani amma ana shan labari. To wannan mutumin ne ciwon huhu ya kayar. Aka kwantar da shi a ɗakin kulawa ta musamman, aka zura masa bututu a maƙogwaro, inji na taya shi numfashi. Umma ta leƙa ta gilashi ta ce, "Ikon Allah, yau zan kai ƙarshen magana ba a katse ni ba." Tana faɗa tana goge ido da bakin mayafi.

Mutum biyu ake bari su shiga, minti goma sha biyar, sai an wanke hannu an saka wata shuɗiyar riga. Tun a baranda Yayanmu ya kafa doka: kada wanda ya gaya wa Baba abin da zai tayar masa da hankali. Yaya kuwa in yana kafa doka sai ka rantse shi ya gina asibitin. Haka muka riƙa shiga bibbiyu, murmushi har kunne, murya ƙasa-ƙasa.

"Ba komai, Baba, ƙaramin abu ne," in ji Yaya.

"Ba komai, Malam," in ji Umma.

Da mun faɗi haka sai ya zazzaro ido, ya hau dukan ƙarfen gado, na'urar da ke saman kansa ta fara ƙara. Umma ta ce ƙishirwa ce. Yaya ya ce zafin ciwo ne. Aka ba shi takarda da biro, hannun na rawa, abin da ya zana ko shi ba zai karanta ba. Dama rubutun Baba, yana da lafiya ma sai an taru.

Rana ta huɗu likita ya kira mu ofishinsa. Ya ce huhun na samun sauƙi, amma Baba ba ya barci, faɗa yake da injin. Sau biyu ya kai hannu zai fizge bututun, dole suka ɗaure hannuwansa da ƙyalle a jikin gado. In bai natsu ba nan da kwana biyu, ba za a iya cire bututun ba, sai dai a huda masa wuya. Umma ta dafa bango.

Wajen famfon wanke hannu wata nas gajera mai tabarau ta tare ni. "Wai me kuke gaya masa ne? Kafin ku shigo zuciyarsa ƙalau take bugawa. Kuna fita sai mun yi awa guda muna lallashi."

Na ji haushi. "Hankali muke kwantar masa mana. Mu ce masa ƙaramin abu ne."

"To, ku kuka san mutuminku," ta ce. "Shi haka yake kwantar wa mutane da hankali?"

Na tsaya da sabulu a hannu. Duk gidanmu mun san halin Baba a gareji. In matsalar mota ƙarama ce, faɗa yake rufe mai ita da shi, ya lissafa masa laifinsa ɗaya bayan ɗaya, mutum ya tafi yana dariya. In kuwa inji ya mutu murus, sai ya cire hula, ya goge hannu a tsumma, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ba komai, ƙaramin abu ne, je ka gida tukuna." Kai! Ashe kwana huɗu muna yi wa bawan Allah sallama.

Da lokacin shiga ya yi, na riga Yaya zuwa bakin gado.

"Baba, saurara. Huhunka na dama ne ya cika da ruwa, na hagu ya ɗan taɓu. Ranar farko saura ƙiris mu rasa ka. Yanzu rabin ruwan ya janye."

Yaya ya taka min ƙafa. Na ture shi.

"Kuma laifinka ne. Sati uku kana tari, an ce ka zo asibiti ka ce kana da aiki. Kullum hancinka a bakin salansar mota. Mota ce aka yi wa haka da ka cinye mai ita ɗanye!"

Baba ya daina dukan gado. Nas ta matso ta nuna masa lambobin na'urar, wannan ta iska ce, wannan ta zuciya, ga inda suke ranar da aka kawo shi, ga inda suke yau. Ya bi su da ido a tsanake. Sai ya motsa yatsu yana neman biro. Na riƙe masa takardar daidai inda ƙyallen ya bar hannun ya kai. Ya daɗe yana fama, amma wannan karon ya karantu: "Zan tashi?"

"Tabbas sai Allah, Baba," na ce. "Likita ya ce in ka yi barci ka bar injin ya yi aikinsa, sun fi sa ran za ka tashi. Ni dai tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba."

Hawaye ya gangaro masa har cikin kunne. Yaya ya juya wai yana duba agogon bango, kafaɗunsa na rawa.

"In ya ɗore a haka, jibi sai cire bututun," in ji nas. Ta dube shi ta saman tabarau. "In kwance maka hannu, Baba? Amana fa."

Ya lumshe ido. Ta kwance na dama, mu duka muka riƙe numfashi. Hannun ya taso a hankali, ya zo daidai bututun, ya wuce shi, ya laluba gefen fuskata ya kama kunnena ya ja. Bai sake ni ba har barci ya ɗauke shi.