Rabin Yaya

Baba Mai Fenti ya gama ajujuwa shida kafin azahar, ya zagayo bayan ofis da bokitinsa, sai ya ja ya tsaya. Taswirar duniya ce cike da bangon, ta koɗe, ruwan sama ya ci gefenta, amma jan layin da ya raba ta biyu yana nan.

"Har da wannan, Baba," in ji shugabar makarantar, tana biye da shi da makullai a hannu. "Jibi masu duba makarantu za su zo. An ce kowane bango fari."

"Malama, kin san wanda ya zana ta?"

"Mun dai taso mun gan ta. A nan na yi firamare."

"Ni da yayana ne. Shekara talatin da bakwai ke nan."

Ya ajiye bokitin, ya shiga ba ta labari. Lokacin ko gemu bai fara ba, Yaya ne mai sana'ar, shi ɗan riƙe tsani. Malamin labarin ƙasa ya ba su littafi, ya ce su fara da layin tsakiya, ikwaita, wanda ya raba duniya arewa da kudu. Yaya ya ja layin, ya daɗe yana kallon littafin, sannan ya ce, "Ƙane, raba daidai za mu yi. Kai ɗauki sama, ni ƙasa, tunda gwiwata ba ta son tsani."

Sai da aiki ya yi nisa ya gane wayon. Rabin arewa cike yake da ƙasashe, kowace da launinta da karkatacciyar iyakarta. Rabin kudu kuwa yawancinsa teku ne. Kwana biyu Yaya ya shafe shuɗinsa, ya koma inuwa yana shan shayi, yana ɗaga murya: "Mutanen arewa, ina labari? Mu nan kudu mun tashi aiki!"

Shugabar ta yi dariya har makullan suka faɗi. "Yana ina yanzu?"

"Bara ya rasu."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin."

Ya hau tsani ya fara shafe nasa rabin da farin fenti. Bai ji komai ba. Aikin sati biyu ya tafi cikin rabin awa. Da ya sauko kan jan layin, hannunsa ya ƙi. Ya san kowane jan burushin nan: Yaya bahago ne, daga dama yake jawowa zuwa hagu.

Shugabar ta dawo da kofin ruwa, ta same shi tsugune. Ta nuna wani ɗan koren ɗigo can tsakiyar teku.

"Baba, don Allah wane tsibiri ne wannan? Muna aji biyar muka yi gardama a kansa. Na duba littattafai har na girma, ban same shi ba."

Ya matso da fuskarsa, sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Ba za ki same shi ba, 'yata. Ni na zubar da fenti daga kan tsani. Na tsorata, don malamin nan ba ya wasa. Yaya ya zagaye shi da burushi, ya ce, 'Share hawayenka, wa zai je can ya duba?'"

Ta miƙa masa kofin ruwan. Sannan ta ce a hankali, "Ba ni da ikon barin taswirar nan, Baba."

"Na sani."

Ya ajiye babban burushin, ya ɗauko ƙarami. Har la'asar yana shafe tekun kaɗan-kaɗan. Da ya gama ya wanke hannu, ya kira ta ta duba aiki.

Bangon ya yi fari fat, in ban da koren ɗigo ɗaya, bai fi kan yatsa ba, daidai gwiwar mutum. Ta dubi ɗigon, ta ɗauke kai, ta gyara tabarau.

"Aiki ya yi kyau," ta ce. "Gobe sai ɗakin malamai."