Shekarar da Ƙorafi Ya Ragu

A ofis ana kiranta Injiniya, don ita ke shugabantar masu gyaran manhajar da jama'a ke kama layin ganin likita da ita. Daraktan tsare-tsare na kamfanin kuwa mijin yayarta ne. A gida Yaya take ce masa, a ofis Yallaɓai, a ranta kuma Ganga, saboda yawan amo da rashin komai a ciki.

Farkon shekara ya tara shugabannin sassa a ɗakin taro na hawan ƙarshe, mai bangon gilashi da sanyin da ke sa yatsu ƙagewa. Tun safe ake gardama kan manufar kamfani: a rubuta “muna sauraren jama'a” ko “muna jin jama'a”? Mataimakinsa, wanda bai taɓa musa masa ba, ya yabi duka biyun. Bayan an ci abinci aka tsaya a kan “saurare”, aka yi tafi kamar an haƙo rijiya.

“Babban burinmu na bana,” in ji Darakta yana nuna allo, “ƙorafin masu amfani da manhaja ya ragu da rabi.”

Injiniya ta ɗaga hannu. “Yallaɓai, ai ƙorafin ɗaya ne. Mutum ya kama layi, ya je asibiti, a ce babu sunansa. A ƙara mana ma'aikata mu gyara.”

“Ke matsalarki ƙananan abubuwa kike gani. Mu nan nesa muke hange.”

Bai ƙara ma'aikata ba. Umarni ya aiko: a ɗauke maɓallin kai ƙorafi daga shafin farko, a cusa shi can ƙasan wani shafi da ko mai shi ba ya buɗewa. Ta ƙi, ya ba wani sashe, suka yi da rawar jiki. Kafin tsakiyar shekara ƙorafi ya faɗi warwas. Aka ba Darakta lambar yabo, aka manna hotonsa kusa da lifta yana murmushi har kunne.

Ranar hutu Injiniya da Darakta suka haɗu a gidan Inna, mahaifiyarta. Tsohuwar na zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafarta mai kumburi, ta miƙa wa surukin nata waya.

“Ɗan nan, abin naku ya sake mayar da ni gida ban ga likita ba. Nuna mini inda ake kai ƙara.”

Ya shafa sama, ya shafa ƙasa, ya goge tabarau, ya sake shafawa. Matarsa ta tsaya da tire a hannu tana kallonsa.

“Ƙanwata, ina kuka mayar da shi ne?” in ji shi yana duban Injiniya.

“Mu? Haba Yaya. Ai Inna ba ta da ƙorafi. Ko ba ka ga allon ba?”

Yayar ta harare ta, amma ta kasa danne dariya. Shi kuwa ya ce sabis ne babu, ya fita tsakar gida yana ɗaga wayar sama. Washegari Injiniya ta ɗauki Inna a motarta, ta kai ta asibiti, suka bi layi da ƙafa.

Da shekara ta zagayo an ƙara masa girma. A taron farko ya bayyana sabon buri: kiran waya na masu neman taimako shi ma ya ragu da rabi. Mataimakin ya fara tafi. Injiniya ta rufe kwamfutarta, ta sauka hawa na biyu, ofishin kula da ma'aikata, ta nemi a mayar da ita wani sashe.