Tabon Auta

Iya ta buga firam ɗin hoton a kan kantar shagon, har kwalin ƙananan hotunan fasfo ya yi tsalle ya zube ƙasa.

"Kai, Mai Hoto! Fito ka faɗa mini wane ne wannan."

Mai Hoto yana bayan labule yana fama da wani mutum da ya kasa daina ƙifta ido. Ya leƙo, kyamara rataye a wuyansa, yana ganinta ya saki murmushin da bai kai zuci ba.

"A'a, Iya, ke ce da kanki? Yaushe kika dawo? Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙurin yana inda na bar shi. Tambayarka na yi."

Ya dubi hoton, ya dube ta. "Auta ne mana, Iya. Allah ya jiƙansa."

"Autan wa? Ni dai ban haifi wannan ba."

Auta shi ne ɗanta na ƙarshe, mai buga ganguna a ƙungiyar makaɗan unguwa. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ya cinye wayarsa da babur ɗinsa, sannan ya tafi da shi. Tun yana yaro kwanon rufi ya tsarge shi daga gefen ido har kusa da baki, saboda haka ya girma yana gudun kyamara. In an ɗaga ta, sai ya juya ƙeya. Sau ɗaya tak ya tsaya, ranar da Iya ta rantse ba za ta ƙara cin abincin gidansa ba sai ya ba ta hoton da za ta riƙa kallo. Wannan hoton ne Mai Hoto ya zo ya ara, ya durƙusa har ƙasa, wai abokan kiɗa za su yi taron tunawa da shi, suna so a buga fuskarsa a babban ƙyalle. Iya ta ciro shi daga ƙasan akwatinta ta ba shi. Daga nan hawan jini ya kayar da ita, babbar 'yarta ta ɗauke ta, ta yi watanni tana jinya a can.

Jiya ta dawo. Ta shiga ɗakin surukarta, matar Auta, ta tarar da wani mutum a bango cikin firam mai ruwan zinariya, fari sol, kumatu sumul, sanye da kwat da ɗamarar wuya. Jikarta Takwara, wadda ko yaye ba a daɗe da yi mata ba lokacin rasuwar, ta ja ta da hannu tana nunawa: "Iya, ga Baba."

Shi ya sa yau ko karyawa ba ta yi ba ta cire shi daga ƙusa ta taho.

"Ina tabonsa?" in ji ta. "Ina wushiryarsa? Wa ya ba shi kwat? Yaron da ko ranar aurensa da ƙyar aka sa shi ya ɓalle maɓallin riga?"

Mutumin fasfo ya fito daga bayan labule yana gyara hula, ya ce zai dawo an jima, ya sulale.

"Iya, gyara na yi masa kaɗan. Haka ake yi. Dubi bangon nan."

Ta duba. Amare, 'yan makaranta da hular kammala karatu, 'yan ƙwallo a durƙushe, manyan mutane suna yanka ƙyallen buɗe famfo. Fuskokinsu duk iri ɗaya, kamar uwa ɗaya ta wanke su da sabulu ɗaya. Ta gane mai nama na bakin titi a cikinsu, amma sai da ta duba kunnuwansa.

"In na ba mutum fuskarsa yadda take, zagina zai yi," in ji Mai Hoto. "Makon jiya wata ta jefe ni da hotonta don na bar mata ƙuraje biyu. Ranar taron nan kowa sai yabawa yake, wai Auta ya fito kamar ɗan fim."

"Su suka haife shi? Ba ni nawa in tafi. Wannan kuma ka kai wa uwarsa."

Mai Hoto ya sosa ƙeya, ya gyara igiyar kyamara, ya dubi ƙofa.

"Rufin nan ya yi yoyo da damina," ya ce a hankali. Ya jawo aljihun tebur, ya ciro wani dunƙulen takardu da suka manne da juna, ya ɓanɓaro ɗaya ya miƙa mata.

Ta gane wuyan rigar, shuɗiya mai layi-layi, ita ta goge masa ita da safen ranar. Daga wuyan zuwa sama kuwa babu komai sai farin dabbare, da wani ja-ja da ya zuba kamar tsatsa.

"Ai ka ce ka sa shi a na'urarka," ta ce. Muryarta ta sauka, kuma duk wanda ya san Iya ya san gara tana ihu.

"Na sa. Amma a kansa na yi gyaran, na adana. Na farkon ya tafi."

"Ya tafi ina?"

"Ya goge, Iya."

"Allah ya ɗauke shi sau ɗaya, kai ka ɗauke shi na biyu. Sannu da aiki."

"Wallahi ba da mugun nufi ba ne. Auta abokina ne, tare muke cin rana a wuraren biki. Shi da bakinsa ya taɓa ce mini, in tsautsayi ya sa ka ɗauke ni, ka goge mini wannan abin."

"Shi ya haifi kansa? Ni na riƙe kansa a cinyata aka ɗinke wurin nan, ko kuka bai yi ba. Kai wane ne da za ka goge?"

Wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka yana cewa ga shi nan, ga shi nan, su fara jera kujeru. Ana bikin yaye masu koyon ɗinki, shi ake jira. Ya ɗauki jakarsa. Iya ta jawo kujerar roba, ta dasa ta a tsakiyar ƙofa, ta zauna, ta kwance mayafinta ta ɗaure a ƙugu.

"Sai dai ka bi ta kaina."

"Iya, abincina ke nan."

"Shekara nawa kana bin su da wannan abin a wuya? Kowane biki kana nan, kowace rawa kana nan. Ka ce mini a duk tarkacenka babu fuskar ɗana ko ɗaya? Zauna ka nemo."

Ya ajiye jakar. Ya kira wani abokin sana'arsa ya roƙe shi ya je a madadinsa, ya kunna kwamfuta, ya ce ta matso. Ta jawo kujerar, amma ta bar ƙafa ɗaya wajen ƙofa.

Ya fara tura ɗan abin nan mai kama da sabulu a kan tebur, hotuna suka riƙa wucewa. Bikin aure a farfajiyar makaranta. Taron 'yan kasuwa. Ranar da 'yan ƙwallon unguwa suka ci kofi. Mata suna juyi da hannuwa sama, wani mai tumbi yana rawa mutane na tafa masa, mawaƙi ya rufe ido yana riƙe da makirfo, mai jita ya lanƙwashe kamar cikinsa na ciwo.

"Ga shi nan," in ji Mai Hoto.

Ƙeyarsa ce, a can ƙasan hoton. Na gaba, kafaɗarsa. Na gaba, hannuwansa biyu da sanduna, sun zama hayaƙi don gudu. Na gaba, ƙeya kuma, gumi yana gangarowa cikin wuyan riga. Iya ta san ƙeyar nan, ta sha marinta. Amma ba ita ta zo nema ba.

"Me ya sa kullum bayansa?"

"Wurin tsayuwata ke nan, Iya. Bayan mai ganga babu mai bangaje ka, kuma daga nan kake ganin fuskar masu rawa sosai. Su ke sayen hoto. Makaɗi ba ya saye."

"Wato shekara da shekaru kana jingine da bayansa kana cin abinci, ba ka taɓa zagayowa ka dube shi ba."

Ya ci gaba da turawa. Aka ɗauke wuta, ya fita ta gefenta ya tayar da janareta, ya dawo da kansa ba tare da ta kira shi ba. Wata mata ta leƙo karɓar hotunan sunan jaririnta, ta ga fuskar Iya, ta ce ba sauri take ba. Idanun Iya suka fara yaji. Ta ga rabin unguwa suna dariya, har da waɗanda ba su zo mata gaisuwa ba. Ta ga duk abin da Auta ya riƙa gani daga bayan gangunansa, shi kaɗai ne ba ta gani ba.

"Saura na shara," in ji Mai Hoto. "Waɗanda suka lalace, na ware zan goge."

"Buɗe sharar."

Hotunan ƙafafu. Hoton rufi. Amarya ido a rufe. Wani yatsa ya tare rabin taro. Sai Mai Hoto ya tsaya, ya ja baya kaɗan.

Auta ne ya waiwayo, fuskarsa ta cika hoton. Baki a buɗe, wushirya a fili, ido jajur, jijiyar goshi ta tashi, tabon nan yana ƙyalli da gumi daga gefen ido har baki. Hoton ya karkace, gefe guda ya yi duhu.

"Ƙafarsa na taka," in ji Mai Hoto. "Ana tsakiyar kiɗa. Ya juyo yana zagina, hannuna ya danna."

Iya ta kai yatsa ta taɓa gilashin. Ta bi tabon daga sama har ƙasa. Ba ta yi kuka ba, hancinta kawai ta ja da ƙarfi.

"Me ya ce maka?"

"Ba zai faɗu a gabanki ba."

"To shi ne. Fitar mini da shi."

"Bari in ɗan haska shi, in rufe masa bakin, in…"

Ta damƙe hannunsa a kan abin sabulun, har ya ce wash.

"Ka taɓa shi, in karya yatsun nan, ka koma ɗaukar hoto da ƙafa."

Na'ura ta yi ta gurnani, ta turo takardar a hankali, da ɗuminta. Ya sa mata a ambulan, ya ce zai yi mata firam kyauta. Ta ce ya riƙe kyautarsa. Ya miƙo mata mai ruwan zinariyar, ta ce ya jefa a shararsa, sai kuma ta tuna firam ɗin na surukarta ne, ta fizge ta cusa a jaka.

"Iya, ki yafe mini."

"Ka zagaya gaba," ta ce. "Wanda makaɗan suka ɗauka a madadin Auta, shi ma yana da uwa."

A cikin bas ta rungume ambulan ɗin a ƙirji, kwandasta na cewa ta matsa, ko kallonsa ba ta yi ba.

Ta tarar da surukarta a tsakar gida tana shanya. Takwara na zaune a bakin ƙofa, ido ya kumbura.

"Tun da kika fita take kuka, Iya. Wai an sace Baba."

"Ai ga Baban na kawo mata, na gaskiya. Zo nan, Takwara. Zo ki ga ubanki."

Ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, ta zaro hoton. Surukar ta leƙo ta kafaɗarta, ta saki rigar da ke hannunta, ta toshe baki da tafin hannu, ta juya baya.

Yarinyar ta duba. Ta ja da baya, ta ƙanƙame zanen uwarta.

"Ba Baba ba ne. Wannan mugu ne, faɗa yake yi."

"Ke, ubanki ne! Dubi nan, kwano ne ya yanke shi. Dubi haƙoransa, irin naki ne sak."

Takwara ta fashe da kuka. Sai ta hango gefen firam ɗin ya leƙo daga jaka, ta ruga ta jawo shi da hannu biyu, ta zauna a ƙasa ta rungume, tana goge gilashin da gefen rigarta. Kukan ya tsaya.

"Iya," in ji surukar, ba ta juyo ba, "ki bar mata. In ta girma a nuna mata."

Iya ta yi ta kallon yarinyar da baƙon da ke cinyarta. Can ta dafa bango ta miƙe, ta karɓi firam ɗin, ta shiga ɗakin surukarta ta mayar da shi a ƙusarsa. Ya karkace, ta gyara shi.

Ta shiga nata ɗakin ta tura ƙofa. Ta zauna a bakin gado, ta jingina hoton da akwatinta. Auta na kallonta, baki a buɗe, ido jajur.

"Yi ta zagi," ta ce masa. "Ni ma abin da na wuni ina yi ke nan."