Makabartar Lu'ulu'u

A tasharmu ta binciken kimiyya da hasken eksire, irin na hoton ƙashi, can bayan Chicago, akwai wani allo da muke kira makabarta. Duk wanda ya haska lu'ulu'unsa bai ga komai ba, da hannunsa zai liƙa shi a nan, ya kuma saya mana donat na sadaka. Ni na ƙirƙiro al'adar, nawa ne ma gawar farko.

Itzel Quiroga ɗalibata ce. Shekarun digirinta na dakta kaf sun ƙare a kan ƙwayar lu'ulu'u ɗaya da ba ta fi gero ba. Maganaɗisu ne mai taurin kai, ƙananan allurorin cikinsa masu kama da na kamfas kowacce ta kama gabanta. Ita kuwa ta kafe akwai tsari a ɓoye. In wannan zuwan bai nuna ba, digiri ya bi ruwa.

Hoto ya fito: ɗige-ɗige masu ƙyalli da kowa ya sani, tsakaninsu wani dishi-dishi kamar hayaƙi. Mu a sana'armu datti muke ce masa, sharewa muke yi.

Desmond mai kula da na'ura ya turo mata gam. "Allah ya jiƙan rai. Ni dai donat mai cakulan nake so."

"Ajiye gam ɗinka, sarkin kwaɗayi."

Ta yanko 'yan gutsattsarin dalma, ta bi ɗige-ɗigen nan ta toshe su.

Na ce, "Ke, abin da muka zo gani kike rufewa?"

"Farfesa, sai masu babbar murya sun yi shiru ake jin sauran."

Ta ƙara wa ƙwayar sanyi, ta sake haskawa. Sannu a hankali hayaƙin nan ya tattaru, ya zama fukafukan malam-buɗe-littafi, jeri bayan jeri, babu wanda ya kauce. Ashe allurorin suna da doka tsakaninsu da maƙwabtansu, mu ne ba mu iya kallo ba.

Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba.

Desmond ya sosa ƙeya. "To yau wa zai sayi donat?"

Itzel ta ce, "Kai mana!"

Ba ta ko tsaya murna ba. Ta ɗauki reza, ta nufi makabarta, ta ɓamɓaro tsohon lu'ulu'una, ta ɗora mini a tafin hannu.

"Farfesa, wannan ma da ransa kuka binne shi. Taso mu haska."