Gwaggo Tana Neman Walƙiya

Tun da aka cire wa Gwaggo yanar ido ta hana kowa sakat da zancen walƙiya. Shekara talatin da biyu ta yi tana koyar da kimiyya a sakandare, ta zana walƙiya a allo ba adadi, amma a faɗarta ba ta taɓa tsayawa ta kalle ta da kyau ba, sai da ido ya dushe abin ya fara cin ranta. Yanzu ido ya dawo, ta yi ritaya, ga wata manhaja da ta sa a waya mai nuna inda hadari yake da jan launi a kan taswira. Abu ɗaya ya rage mata: ba ta iya tuƙi ba. Ni kuwa 'yar wanta ce, gidana na jikin nata, kuma ina da mota.

Ranar, wajen ƙarfe tara na dare, ina ɗakin ɗinki ina fama da kayan wata mata kala bakwai da za ta zo karɓa da safe. Zafi ya sa na wangale tagogin duka biyu. Sai ga Gwaggo cikin rigar ruwa ta leda har ƙasa, jaka a kafaɗa.

"Uwata, tashi." Haka take kirana, don sunan mahaifiyarta na ci. "Ya haɗo ta gabas. Irin wannan sai a shekara ba a samu ba."

"Gwaggo, ki jira shi a nan mana. Ai zai zo da ƙafarsa."

"A nan me zan gani, bangon maƙwabci da tankin ruwa? Fili nake so. Minti arba'in mun dawo."

Na leƙa falo ko zan samu mai cetona. Maigidana na kwance a doguwar kujera, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Ki kai ta mana, ai ba nisa." Shi da ma bai iya ce wa Gwaggo a'a ba, sai dai ya ce to, ni in yi wahalar.

Muna fita gari iska ta taso. Ledoji da ganyaye suna ta tsallake titi a gaban fitila, masu shaguna na jan ƙofofi, kowa ya nufi gida sai mu. Gwaggo ta kafa ido a waya tana ba ni hanya, kuma kullum sai na wuce kwanar take faɗa.

"Dama."

"Ina?"

"Waccan da kika bari a baya."

Sau uku ina juyawa a tsakiyar titi. Duk sanda sama ta haska sai ta ɗaga hannu ta hana ni magana, ta shiga ƙirga. "Ɗaya, biyu, uku..." har tsawa ta biyo. Daƙiƙa uku kilomita ɗaya, in ji ta. Da farko a goma sha biyar take tsayawa. Da muka wuce gidan mai na ƙarshe sai ta kai ashirin da ɗaya.

"Gwaggo, wannan ai nisa yake ƙarawa."

"Lissafin baki ne, akwai kuskure. Taswira ta ce muna dab da shi. Ƙara wuta."

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Waifar share gilashina guda ɗaya ce mai aikin kirki, kuma ta gefen Gwaggo ce. Na manna fuska a gilashi ina bin farin layin titi, ita kuma ta sauke nata gilashin rabi don ta ɗauki hoto, ruwa na feso mini a wuya. Na ce ta rufe. Ta ce gilashi na ɓata hoto. Abin da ya zo bakina ba na faɗa wa ƙanwar uba ba ne.

Can ta ce in sauka daga kwalta, akwai fili a bayan wata gonar kaji. Na ce hanyar laka ce. Ta ce taswira ta nuna hanya ce. Ba mu yi tafiyar minti biyu ba tayar gaba ta nutse. Na sa ribas, na taka, motar ta yi gurnani ta ƙara zama.

Na kama ƙofa zan fita in duba, Gwaggo ta riƙe mini zani. "Ba inda za ki. A irin wannan lokaci cikin mota ya fi ko'ina tsaro."

"Gida fa?"

Ta mai da ido kan wayarta.

Muna nan zaune sai ga hasken tocila. Maigadin gonar ne, dattijo, buhu a ka, sanda a hannu. Ya haska fuskata, ya haska ta Gwaggo, ya leƙa kujerar baya ko akwai kaji.

"Sannunku. Lafiya dai? Mara lafiya kuka ɗauko?"

"Walƙiya muka zo kallo," in ji Gwaggo. "Kuma ka matsa daga gindin bishiyar nan, malam."

Ya matsa. Ya dube ni a hankali, ya rage murya. "Hajiya, uwarki ce?"

"Gwaggota ce. Lafiyarta ƙalau."

"To, Allah ya ƙara sauƙi."

Shi ya kawo katako biyu da ɓaraguzan bulo, ni da shi muka durƙusa cikin taɓo muna cusa su ƙarƙashin taya, takalmina ɗaya ya tafi bai dawo ba. A lokacin ruwan ya tsagaita, tsawar ma sai can nesa. Na koma mota ina ɗigar ruwa, na tarar da Gwaggo tana jujjuya waya.

"Uwata," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ashe tun daga gidan mai babu sabis. Taswirar tsaye take wuri ɗaya. Yanzu ta motsa."

"Ina hadarin?"

Kafin ta amsa wayata ta yi ƙara. Maigidana ne, yana magana yana haki. Wai aradu ta faɗa kan taransifomar bakin layinmu, wuta ta tashi shuɗiya har sama, ƙanƙara ta zuba kamar tsakuwa, bai taɓa ganin irinsa ba. Na tambaye shi ko ya rufe tagogin ɗakin ɗinki. Ya ce bari ya duba.

Na kashe wayar, na kifa goshi a sitiyari. Gwaggo ta taɓa kafaɗata.

"Juya ki gani."

"Ba abin da zan gani."

"Juya dai."

Na juya. A bayanmu, saman gari, hadarin ne gaba ɗayansa, tsaye kamar dutse, fitilun gari duk sun mutu a ƙarƙashinsa. Yana haskawa daga ciki, nan fari, can ja-ja, sai kuma wata ta tsago ta yi rassa ta sauka ƙasa. Daga inda muke ko ƙara ba ka ji sosai. Maigadi ya sauke buhun kansa yana tasbihi. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma na kalla, na wani lokaci har na manta ƙafata ɗaya ba takalmi. Amma ina sane da cewa a ƙarƙashin wannan kyan akwai leshin mutane kala bakwai.

Gwaggo ta yi ta danna waya har caji ya ƙare.

Da taimakon katakon motar ta fito, amma dawowa ma ba ta zo da sauƙi ba. Ruwa ya shanye kwalbatin shiga gari, muka bi layin manyan motoci muka jira ya janye. Gwaggo ta jona wayarta a mota ta duba abin da ta samu: hoto ɗari biyu da wani abu, duk baƙi ƙirin, sai guda ɗaya da ya kama kunnena da rabin fuskata a murtuke, haske ya dalle ta.

"Wannan ya yi kyau," ta ce. "Ga hasken nan a jikinki."

"Ki goge shi, Gwaggo."

"Shi kaɗai gare ni."

Sai da gari ya fara wayewa muka shiga layinmu. Mutane duk suna waje, sun kewaye taransifomar da ta ƙone, kowa na ba da labari da hannu da ƙafa. Motar ba ta gama tsayawa ba Gwaggo ta fita, ta zaro littafi da biro daga jaka, ta tare mai wankin unguwa tana tambayarsa launin wutar da kuma ko ya ƙirga. Ya ce shi ƙarƙashin tebur ya shiga. Ta ce to wa ya tsaya ya kalla, aka nuna mata maigidana.

Na wuce su na shiga ɗakin ɗinki. Ruwa ya kai idon sawu, zare na yawo a kai, jan yadi ya zuba a kan fari. Na ɗauko bokiti na fara matse kayan, ina jiyo shi ta taga yana ba ta labari tun daga farko, tana cewa ya dakata, ya maimaita a hankali, tana rubutawa.